Marka ta kankama, girin ya fara ciwo

In ka ce wa mutum aikinka kula da ciyawa ne a filin golf, abun da zai zo masa a rai shi ne mutum da injin yanka yana ta zagaye, a ba ta ruwa, a watsa taki, shikenan. To wannan na sauran fili ne. Wajen da ramin yake, wanda muke cewa girin, shi lamarinsa daban ne, don ciyawar wajen kullum sai an aske ta har ta koma milimita 3 ko 4, ana taka ta tun daga hantsi har magariba, kuma ana so ƙwallo ta gangara a kanta ba ko tsalle ɗaya. Girin ɗaya bai fi murabba'in mita 500 zuwa 600 ba, in ka haɗa duka 18 ɗin wajen hekta ɗaya ne, amma a nan sunan fili yake, a nan kuma ake korar mutum daga aiki. Ni a wani fili nake aiki a tsakiyar Najeriya, ciyawarmu dangin ƙiri-ƙiri ce, kuma abun da ya dame ni shi ne da yawa daga cikinmu masu wannan sana'ar har yanzu gani muke cuta wani abu ne da ke faɗowa ba zato ba tsammani, sai a ruga kasuwa neman magani. Alhali sararin sama yana sanar da zuwanta kwana uku ko huɗu kafin ta fito.

Ƙwayoyin cutar nan fa ba baƙi ba ne. Suna nan a cikin ƙasa da cikin matattun jijiyoyin da suka cunkushe a ƙarƙashin ganye, rani da damina, ko feshin duniya ka yi ba za ka ƙarar da su ba. Yanayi kawai suke jira, zafi daidai nasu da kuma danshi, kuma ba ma danshin ƙasa ba, danshin da ke kan ganyen. Yawancin funfunar da ke damun mu sai ganye ya yi awa 10 zuwa 12 a jiƙe bai bushe ba kafin ta samu ta huda shi ta shiga. Kenan lissafin da ya fi min komai shi ne ƙarfe nawa ganyen nan ya jiƙe jiya, ƙarfe nawa ya bushe yau. In raɓa ta sauka ƙarfe 9 na dare ta kai 9 na safe, awa 12 kenan. In kuma wani ya kunna ruwa ƙarfe 5 na yamma wai don rana ta yi sanyi, ya ƙara mata awa 4 kyauta. Yaro ne ka bari ya kwana da jiƙaƙƙen kaya, gari ya waye kana tambayar inda ya samo mura.

Shi ya sa a wajenmu aikin farko bayan sallar asuba ba yanka ba ne, karkaɗe raɓa ne. Mutum biyu su riƙe doguwar tiyo, ɗaya a wannan bakin ɗaya a wancan, su ja ta a kan girin ta share ruwan ya gangara ƙasa, ko kuma mutum ɗaya da doguwar gora mai laushi yana kaɗa ta dama da hagu. Za ka ga inda tiyon ta wuce ya yi kore shar, inda ba ta kai ba yana nan fari-fari. Kuma ruwan nan ba duka raɓa ba ce. In ka durƙusa ka duba za ka ga ɗigo ɗaya a tsinin kowane ganye daidai inda wuƙar inji ta yanka jiya, wannan ciyawar ce da kanta ta fitar da shi cikin dare, akwai sukari da sinadaran abinci a ciki, funfuna kuwa shi take sha ta miƙa zarenta daga ganye zuwa ganye. Akwai wani dattijo da na tarar a filin, shi tun lokacin da yashi ake zubawa a wajen ramin, ba ciyawa ba, yake aiki, kullum abun da yake ce min, ɗana ka riga rana zuwa girin, in ta riga ka ta goge maka shaida. Na ce Baba wace shaidar? Ya kai ni ya nuna min farin zare a kan ciyawa, kafin mu gama zagaye rana ta ɗaga, zaren ya ɓace kamar ba a yi ba, sai tabo.

Ban ruwa ma daga nan aka samo ƙa'idarsa. Mu tsakanin ƙarfe 4 da 6 na asuba muke bayarwa, lokacin da ganyen dama a jiƙe yake, ba mu ƙara masa ko minti ɗaya ba, ruwan ma ya wanke wancan ɗigon mai zaƙi.

Wadda ta fi ba ni tsoro a duk cututtukan nan ita ce Pythium. Ita ba ta jira. A littattafan Amurka za ka ga an ce tana tashi ne in zafin rana ya wuce digiri 30, na dare ya ƙi sauka ƙasa da 20, danshin iska kuma ya haura kashi 90 na tsawon awa 14, wannan a kan ciyawar ƙasashen sanyi kenan. Amma a kan ƙiri-ƙiri ba sai an yi wannan zafin ba, abun da take so hadari ne da yayyafi da rana ta ɓuya kwana da kwanaki, wato dai markar Agusta sak. Farkonta ƙananan tabbai ne baƙi-baƙi ko masu launin shuɗi-ja, in ka murza ganyen da yatsa sai ka ji santsi kamar an shafa mai, ga wani ƙarni. Abun da ke tona mata asiri shi ne yadda take tafiya, za ka ga ta yi layi ta bi hanyar da ruwa ke gangarawa, ko ta bi sawun injin yanka daga wannan gefe zuwa wancan. Dalili kuwa ita ba funfuna ce ta ainihi ba, ƴaƴanta iyo suke a cikin ruwa, duk inda ruwa ya kwanta ko ya bi sun bi shi. Ƴar'uwar cutar da ke ƙone dankalin turawa ce a Filato cikin damina, manoman Bokkos da Mangu sun san halin danginta, gona ce lafiya lau yau, jibi ta koma baƙa. Haka take yi wa girin, cikin kwana biyu za ta iya cinye wajen da sai ka yi wata biyu kana lallaɓawa kafin ya rufe.

Kuma tunda ba funfuna ce ta ainihi ba, magungunan funfuna da yawa ba sa mata komai. Na sha ganin an yi ta zuba karbendazim ko firofikonazol a kanta ana mamakin ba ta tsaya ba. Maganinta daban ne, irin su metalaksil da manoma suka sani a cikin Ridomil, ko fosfayit da ake fesawa tun kafin ta zo. Ranar da na ga alamarta kuwa injin yanka ba zai hau wannan girin ba sai ganye ya bushe, shi ne na ƙarshe da za a yanka, kuma sai an wanke injin tas kafin a ajiye.

Amma gaskiya ba ita kaɗai take zuwa ba, marka tana tahowa da tawaga. Akwai ciwon ɗigon ganye wanda funfunar Bipolaris ke kawowa, shi daga nesa sai ka ga girin ya yi wani ja-ja ko ruwan ƙasa kamar ƙishi ne ke damun sa, alhali ga ruwa har ya yi yawa, in ka tsinko ganye ka duba da gilashin ƙara girma sai ka ga ƙananan ɗigo a jikinsa. A nan ne mutane ke faɗawa tarko, su ga ciyawa ta koɗe su ce yunwa ce su watsa yuriya, yuriya kuwa ta fito da sabon ganye mai laushi cike da ruwa, cutar ta samu abun da take nema. A watan Agusta ni taki kaɗan-kaɗan nake bayarwa a narke cikin ruwan feshi, ina kuma kula da fotash. Sai ruɓewar saiwa, wadda Monica Elliott ta Jami'ar Fulorida ta tabbatar a farkon shekarun 1990 cewa funfunar Gaeumannomyces ce ke kawo ta a girin ƙiri-ƙiri, ita a ƙasa take aikinta ba ka gani, sai dai ka ga wuri ya yi rawaya yana ta sirancewa, ka kama ciyawar ka ja ta taso ba wuya, saiwar gajera baƙa maimakon doguwa fara. Lokacin da ka gani a sama ta riga ta yi makonni tana ci. Da ciyawa ta yi sirara kuma rana ta samu ƙasa, gansakuka ta fito ta yi ɓawo baƙi a sama ta hana iska da ruwa shiga, in ka soka wuƙa ka ciro ƙasar wani lokacin har warin ruɓaɓɓen ƙwai za ka ji, alamar iska ta ƙare a ciki kenan.

Duk waɗannan tushensu ɗaya, ƙarancin rana. Ƙiri-ƙiri ciyawar rana ce, irin wadda ake sa wa girin tana son kamar awa 8 na rana kai-tsaye a yini. Irin su Tifgreen na 1956 da Tifdwarf na 1965 da suka fito daga tashar bincike ta Tifton a jihar Jojiya ƙarƙashin Glenn Burton, da TifEagle na Wayne Hanna da ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1990, asalinsu auren ƙiri-ƙiri ne da wata ƴar'uwarta mai siririn ganye daga Afirka ta Kudu, duka ƴaƴan rana ne. To a marka sai a yi kwana biyar ba a ga rana sosai ba, ganye ba ya samun haɗa abinci, mu kuma kullum muna aske ɗan abun da ya rage. Shi ya sa da Yuli ya raba nake ɗaga wuƙar inji, daga milimita 3.5 in kai ta 4.5 ko ma 5, rana ɗaya a yi yanka rana ɗaya a bi da rola kawai. Milimita ɗaya a ido ba komai ba ne, amma a wajen ciyawar da tsawonta duka 3.5 ne ka ƙara mata kusan kashi 30 na ganye.

A nan rigima take farawa da masu wasa. Ƙwallo ta rage gudu, sai ka ji an aiko kiran ka, wai girin ya yi nauyi. Akwai wani ƙarfe mai kwari da ake gangaro ƙwallo ta kansa a auna ƙafa nawa ta yi tafiya, Edward Stimpson ne ya ƙirƙiro shi a 1935, hukumar golf ta Amurka ta fara raba shi ga filaye a ƙarshen shekarun 1970, kuma tun daga nan masu kula da girin ba su huta ba a duniya. Wani babba a kulob ɗinmu ya taɓa tsayar da ni ya ce Malam me ya sa namu ba ya gudu kamar na Augusta, wato shahararren filin golf ɗin nan na Amurka. Na ce ranka ya daɗe, Augusta a watan Afrilu kake ganin ta a talabijin, makon da aka shekara ana shirya wa, kuma su kulle filin suke daga wajen ƙarshen Mayu har Oktoba saboda zafi, ga injina a ƙarƙashin ƙasa masu zuƙe ruwa daga girin su hura iska, mu kuwa ranka ya daɗe ko ranar da aka kwana ana ruwa ƙarfe 7 mutane sun fito. Ya yi shiru ya ce to a yi abun da ya dace. Ba kowa ke saurara haka ba wallahi. Su kansu can ɗin yanayi ba ya raga musu, a 2007 zafin Agusta ya lalata girin ɗin East Lake a Atlanta dab da babbar gasar ƙarshen kaka, shekarar da ta biyo suka cire ciyawar ƙasar sanyi suka dasa ƙiri-ƙiri irin MiniVerde. In masu wannan kuɗin sun sarara wa yanayi ban ga dalilin da mu za mu ce sai mun ja da shi ba. Rola ɗin ma tana taimako ta fuska biyu, tana dawo da gudun ƙwallo ba tare da an rage tsawo ba, kuma binciken Thomas Nikolai a Jami'ar Jihar Mishigan ya nuna bin girin da rola a kai a kai yana rage wata cuta da ake kira tabon dala.

Tabon dala ɗin nan shi lokacinsa a wajenmu ƙarshen damina ne, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara bushewa, amma raɓa tana sauka da nauyi, rana da zafi dare da sanyi-sanyi, ciyawa kuma ruwan damina ya wanke mata taki tana jin yunwa. Ƙananan tabbai ne zagayayyu launin kara, faɗin tsohon tsabar dalar Amurka, da asuba za ka ga farin zare a kansu. A Amurka ba cutar ciyawa da ake kashe wa kuɗin magani kamar ta. Tun 1937 aka san ta da suna Sclerotinia homoeocarpa, sai 2018 aka gano dangi ne daban aka raɗa masa Clarireedia. Ita akasin ciwon ɗigon ganye ce, ɗan taki take so a ba ciyawa ta fi ƙarfinta. Kenan yuriyar da za ta kashe ka a Agusta ita za ta cece ka a Oktoba, shi ya sa ban yarda da jadawalin da ake mannawa a bango a ce kowane wata a zuba buhu kaza ba.

Akwai wani lissafi da Damon Smith da Jim Kerns suka fitar, aka buga shi a 2018, ana ɗaukar matsakaicin zafi da danshin iska na kwana 5 da suka wuce a saka, ya ba ka yiwuwar fitowar tabon dala, in ya kai kashi 20 sai ka yi feshi. Can yana rage musu yawan feshi don ba sai sun bi kalanda ido rufe ba. Na saka namu alƙaluman a waya don in gani, a Agusta kullum sama da kashi 60 yake ba ni, a tsakiyar hunturu kuma bai kai kashi 5 ba. In na bi shi yadda yake zan yi wata huɗu ina feshi ba fashi, alhali a Agustan ba tabon dala ne matsalata ba. A kan ciyawarsu da yanayinsu aka gina shi. Abun da na ɗauka a ciki dabarar ce, wato ka dinga rubuta yanayi kullum ka dube shi kwana biyar-biyar. Ina da ƙaramin ma'aunin zafi da danshi a rataye a inuwa, da gwangwanin awon ruwan sama, da littafi, kowace safiya in rubuta zafin dare, ruwa milimita nawa, ƙarfe nawa raɓa ta bushe, an ga rana jiya ko ba a gani ba, wane girin ne ya nuna wani abu. Ina duba hasashen NiMet ma, wato hukumar kula da yanayi ta Najeriya. Da ka tara na damina biyu zuwa uku za ka fara ganin abun yana maimaita kansa, girin kaza shi ke fara ciwo, kuma bayan kwana uku na hadari a jere yake farawa. To ranar ta biyu nake shiga da magani, ba ranar da tabo ya fito ba.

Hunturu ba ni da dogon zance a kai. Iska ta bushe, raɓa ta ƙaura, funfuna ta kwanta. Matsalar lokacin ita ce wasu wurare yashin ke ƙin shan ruwa, ka zuba ya dunƙule ya gangare, ciyawa ta bushe a wajen ka zaci cuta ce, maganinsa a huda wajen a ba shi ruwa da hannu. Sai ƙurar da ke sauka kullum tana toshe saman girin, da sanyin dare da ke sa ciyawar ta daina girma, duk raunin da ta samu sai bazara zai warke.

Dan Allah kafin kowa ya sayi magani ya tabbatar da abun da ke gabansa. Hanya mai sauƙi, ka yanko ɗan dunƙule daga bakin tabon, rabi mai ciwo rabi lafiyayye, ka sa a leda tare da jiƙaƙƙen tishu ka ɗaure ka ajiye a ɗaki ya kwana, da safe in funfuna ce za ka ga zarenta ya fito, ka kuma wanke saiwar ka ga launinta. In kana zargin tsutsa ce, ka kaɗa ɗan sabulun wanke kwanuka a bokitin ruwa ka zuba a wajen ka tsaya minti biyar, in suna nan za su fito da kansu. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016 tana son ƙiri-ƙiri sosai, ɓarnarta kuma daga nesa kamar cuta. Yanar gizo-gizo ma da asuba tana rikita sababbin yara, su rugo su ce Oga cuta ta fito, ita yanar a shimfiɗe take a saman ganye ana iya ɗage ta, zaren funfuna kuwa daga jikin ganyen yake fitowa.

Maganar magani kuma, ni ban ce kar a fesa ba, a marka ba makawa. Amma a kasuwa za ka ga kwalabe biyar sunaye daban-daban, ka juya bayan ka karanta ƙananan rubutun ka tarar sinadari ɗaya ne a ciki, mutum yana ganin yana canja magani alhali abu ɗaya yake ta zubawa har funfunar ta saba da shi. Wannan ba sabon abu ba ne, tun farkon shekarun 1980 aka samu Pythium da ta daina jin metalaksil a filayen golf a Amurka. Kowane sinadari yana da lambar rukuni, azoksistirobin 11, firofikonazol da tebukonazol 3, metalaksil 4, karbendazim 1, to rukunin ake canjawa ba sunan kwalba ba, ana kuma sirkawa da irin su mankozeb da kulorotalonil waɗanda a saman ganye suke zama kuma funfuna ba ta saurin sabawa da su. Su ƴan rukuni na 3 a yi hattara da su a kan ƙiri-ƙiri lokacin zafi, suna iya tsugunar da ita. Na saman ganye yana so ya bushe kafin ruwa ya sauko, kenan sai ka karanta gari ka nemi tagar awa biyu zuwa uku. Na ciwon saiwa kuma akasin haka, da an fesa a bi shi da ɗan ruwa ya sauka inda ciwon yake. A duba lambar NAFDAC, a duba ranar ƙarewa, a auna takun mai feshi da yawan ruwan da famfon goyonsa ke fitarwa, don na sha ganin girin da aka yi wa feshi ya fito layi-layi, nan ya ƙone nan bai samu ba.

Abun da ke ci min rai a nan yaran da ke goya famfon ne. Sai ka ga yaro da silifas da singileti yana fesa maganin da Tarayyar Turai ta soke rajistarsa, don kulorotalonil tun 2019 suka hana, ifirodiyon ma kafin nan, shi kuwa ba takunkumi ba safar hannu, ya gama ya wanke famfon a rafin da ke ratsa fili wanda a ƙasa mutane ke ban ruwan alayyahu da shi. Kuɗin takalmin roba da takunkumi da safar hannu bai kai kuɗin kwalba ɗaya ba. A wajena wanda bai sa ba ba zai goya ba, ko da feshin zai kwana. Masu wannan aikin a Ingila da aka janye musu magungunan ba rufe filaye suka yi ba, komawa suka yi ga karkaɗe raɓa da barbaɗa yashi da rage taki da fesa sinadarin ƙarfe, abubuwan da mu ma ba su fi ƙarfinmu ba.

Wani lokacin in na ga kuɗin da ke tafiya nakan tuna filaye da yawa a Arewa tun zamanin Turawa, irin zamanin da aka buɗe filin golf na Rayfield a Jos a 1913 lokacin haƙar kuza, da yashi aka san wajen rami, a cakuɗa shi da mai a baje, yaro ya share maka hanya kafin ka buga. Ba funfuna ba feshi. Ban ce a koma ba, baƙin man ma ɓarna ce ga ƙasa, amma duk kulob ɗin da zai sa ciyawa ya sani ya ɗauko abu mai rai ne, kuma tun ran gini ran zane. Tsarin da hukumar golf ta Amurka ta fitar tun 1960 shi ne bututun magudana a ƙasa, tsakuwa santimita 10 a kai, sannan yashi mai ɗan haɗi santimita 30. Namu da yawa jar ƙasa aka tara aka baje aka dasa, ruwa ya sauka ba shi da wajen zuwa.

Gyaran wannan kuma ba a marka ake yin sa ba. Mu a Afrilu zuwa Mayu, ruwan farko ya sauka ciyawa tana da ƙarfi rana tana nan, muke huda girin mu ciro ƙasa mu cika ramukan da yashin rafi wankakke, mu tsefe matattun jijiyoyin, daga nan kuma duk bayan mako biyu a barbaɗa yashi sama-sama a share ya shige. Masu wasa sun tsani makon hudar nan amma kwana goma ne ya rufe. Bana girin biyu ne suka fi ba ni wahala, duka biyun a kwari suke, ɗaya mangwaro ne ya tare masa gabas ba ya ganin rana sai wajen ƙarfe 10, ɗayan kuma ciyayi da gora sun kewaye shi iska ba ta ratsawa. Na riga na kai wa kwamiti takarda, in Allah ya kai mu Fabrairu za a sassabe rassan mangwaron na gefen gabas, a buɗe gorar ta ɓangaren da iskar damina ke fitowa, a haƙa magudana a ƙasan gangaren a zuba tsakuwa, sannan in faɗaɗa ɗan fegin renon ciyawa da ke bayan sito don in samu abun toshe gurbi in Agusta mai zuwa ta yi ɓarna.